Mashayin Jini da Maye: Iyakar Tausayin 'Yan Kallo

Wasan kwaikwayo mai dogon zango, wato wanda ake nunawa kashi-kashi tsawon watanni ko shekaru, sau da yawa ana rubuta shi ne a daidai lokacin da ake kallonsa, saboda haka bakin 'yan kallo kan shiga labarin tun ba a kai ƙarshensa ba. Wannan ya fito fili a shirin Dark Shadows, wanda Dan Curtis ya ƙirƙiro, tashar ABC ta Amurka kuma ta nuna daga Yunin 1966 zuwa Afrilun 1971 a kashi 1,225. Shirin ya soma da labarin wani tsohon gidan attajirai mai cike da asirai a garin Collinsport, amma kasuwarsa ba ta buɗe sosai ba sai a Afrilun 1967, lokacin da aka shigo da Barnabas Collins, mashayin jini, wato a tatsuniyar Turawa mamacin da ke kwana cikin akwatin gawa da rana, ya fita da dare yana tsotsar jinin masu rai.

Nufin marubutan shi ne Barnabas ya yi ɓarna na ɗan lokaci sannan a kashe shi, shi ya sa suka fara nuna shi a matsayin azzalumin da ya sace wata budurwa, Maggie Evans, ya tsare ta don ta zame masa madadin masoyiyarsa Josette da ta daɗe da mutuwa. Sai dai Jonathan Frid, ɗan Kanada da ya fito a matsayin, ya riƙa wasan da fuskar mai kaɗaici da jin kunyar halinsa, wasiƙu kuwa suka yi ta kwarara daga matan gida da 'yan makarantar da ke rugawa gida da la'asar don kada shirin ya wuce su. Ganin haka marubutan suka sauya akala: suka mayar da labarin shekarar 1795, inda aka ga cewa wata matsafiya, Angelique, ita ce ta yi masa baki saboda kishi, a labarin na zamani kuma likita Julia Hoffman ta duƙufa neman masa magani. Da haka mugun ya koma majinyaci, wanda kuwa ake wa jinya ba a cika tuhumarsa ba.

Hausawan Maruwa da Garwa a Kamaru, waɗanda shirye-shiryen Kano ke isa gare su ta tashar Arewa24 da YouTube da wayar hannu, sun san wannan iko na mai kallo, domin ƙorafi da yabo kan biyo bayan kowane kashi na irin su Labarina. Abin da zai yi wuya shi ne su yi wa maye irin tausayin da aka yi wa Barnabas, duk da kamannin da ke tsakaninsu. A al'adance maye ma ba shi ya zaɓi halinsa ba, gadon maitar yake yi, ana cewa yana da ƙanƙara a ciki, yana kuma kama kurwar mutum har ya kwanta ciwo. Bambancin shi ne Ba'amurken 1967 bai taɓa zargin maƙwabcinsa da kwana cikin akwatin gawa ba, alhali a unguwar Hausawa maye yana da suna da ƙofar gida: majinyaci cikin zafin zazzaɓi ya ambaci wata tsohuwa, a jawo ta a tilasta mata ta tsallaka shi don ta saki kurwarsa, mata na ja da baya suna cewa "kurwata kur". Tsoron da ke nishaɗantarwa sai wanda mai kallo ya tabbata ba zai biyo shi gida ba.

A Kamaru lamarin ya wuce tsegumin unguwa, domin sashe na 251 na dokar hukunta laifuffuka ya tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 10 ga wanda aka samu da aikata maita ko tsafi mai cutarwa. Marubucin da ya nuna maye a matsayin abin tausayi yana iya shan zargin wanke mai laifi, wanda kuma ya nuna shi yana lashe kurwa yana ƙara wa zargi ƙarfi ne a kan waɗanda aka fi nunawa da yatsa, galibi tsofaffin mata marasa gata.