Ƙahon Turai kafin zuwan bawul

A wajejen 1768 wani saurayi ɗan Bohemiya mai suna Jan Václav Stich ya gudu daga gidan ubangidansa, basarake Thun, wanda ya biya kuɗin koya masa busa ƙaho. Ana ba da labari cewa ran basaraken ya ɓaci har ya tura sojoji su bi sawun yaron, da umarnin su fasa masa haƙoran gaba kada ya sake yi wa kowa busa. Ba su cim masa ba. Ya tsallaka Italiya, ya sauya suna ya koma Giovanni Punto, ya zama mabushin da babu kamarsa a Turai ta zamaninsa.

Umarnin na mugunta ne, amma wanda ya ba da shi ya san sana'ar. Ƙahon da Punto ke busawa bututun tagulla ne kawai, mai tsawon kusan mita huɗu, an naɗe shi da'ira don ya ɗauku, siriri a wajen baki, yana faɗaɗa har ya buɗe a ƙarshe. Ba shi da rami ko ɗaya na yatsa, ba shi da bawul, wato abin da ake dannawa da yatsa don ƙara tsawon bututu. Leɓɓan mabushi ne ke kaɗawa a cikin ɗan ƙaramin bakin busa, haƙoran gaba ne kuma ke tallafe su. In ya matse leɓe ya ƙara ƙarfin iska sai sauti ya hau, in ya sassauta ya sauka.

Sai dai bututu ba ya yarda da kowane sauti. Kowane tsawo yana da jerin matakan da yake bayarwa, kusan goma sha shida ga ƙwararre, ba kuma a tazara ɗaya suke ba. A ƙasa matakan sun yi nisa da juna, ga manyan giɓi a tsakani. A sama sun cushe, ta yadda leɓe na ɗan zamewa sai mutum ya faɗa kan sautin maƙwabci, kowa kuma ya ji. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai kakaki a ƙofar fada ya san wannan doka: dogon bututu marar rami, amon da zai bayar ƙayyadadde ne, ragowar aikin na mabushi ne. Bambancin shi ne mai kakaki yana zama a matakan ƙasa, shi kuwa mai ƙahon Turai an tilasta masa hawa can sama inda za a iya haɗa waƙa. Ko a can ma akwai matakai uku, na 7 da na 11 da na 13, da ba su dace da ma'aunin kiɗan Turai ba. Na 11 ya faɗo ne tsakanin sautuka biyu, bai zama wannan ba bai zama wancan ba.

Asalin kayan na farauta ne. A Faransa ta ƙarni na 17 mahaya suna rataya shi a kafaɗa, suna sanar da juna da busa cewa an tayar da barewa ko karnuka sun ɓace. Wani basaraken Bohemiya, Franz Anton von Sporck, ya ji shi a can wajejen 1680, ya sa bayinsa biyu suka koya, daga nan Bohemiya ta zama matattarar mabusa. Kafin 1720 ƙahon ya shiga ƙungiyoyin makaɗa. Yana cikin kiɗan da Handel ya tsara don yawon sarkin Ingila a kogin Thames a 1717. Maƙeran Biyana sun samo dabarar ƙarin gaɓoɓin bututu da ake cirewa a sa, kowace da tsawonta, don a sauya mazaunin sautin gaba ɗaya. Shi ya sa mabushi kan zo wurin wasa da tarin naɗaɗɗun bututu a hannu, kuma dole mai tsara kiɗa ya bar masa sarari ya cire wannan ya ɗaura wancan.

Babban sauyi ya zo ne daga hannun dama. Wajejen 1750, a Dresden, Anton Joseph Hampel, malamin Punto, ya daidaita dabarar cusa hannu cikin faffaɗan bakin ƙaho. Ana haɗa yatsu, a ɗan lanƙwasa tafi, a zura. In aka rufe kaɗan sauti ya sauko kaɗan, in aka ƙara ya ƙara saukowa, in aka toshe gaba ɗaya sai a sami wani amo siriri mai kaifi da ke fita kamar ta hanci. Da haka aka cike giɓin da ke tsakanin matakai, aka kuma gyara matakan nan masu karkata. Dalilin da ya sa har gobe mai ƙaho ke riƙe shi bakin na kallon baya da hannu a ciki ke nan, ko da ƙahonsa na da bawul.

A nan ne fasahar take, a nan ne kuma ake yawan yi mata gurguwar fahimta. Sautin da aka toshe bai kai buɗaɗɗe haske ba, don haka layin waƙa ɗaya yakan fito da launi biyu ko uku, wannan a sarari, wancan a dusashe. Masu ganin wannan a matsayin naƙasa sun manta cewa masu tsara kiɗa sun san da shi, sun kuma yi gini a kansa. Mozart ya rubuta manyan kiɗe-kiɗen ƙaho huɗu domin abokinsa Joseph Leutgeb, wanda yake tsokana har a gefen takarda da sunayen jaki da wawa. Takardar ɗaya daga cikinsu, ta 1786, da tawada kala huɗu ya rubuta ta. In aka busa su da ƙaho marar bawul, za a ji sau da yawa cewa inda waƙar ta karkata zuwa baƙin ciki a nan toshewar take faɗowa, inda ta warware kuma hannu ya buɗe. Beethoven ma ya tsara wa Punto kiɗan ƙaho da fiyano a 1800, suka yi shi tare a Biyana. Ɗalibin Beethoven, Ferdinand Ries, ya ce sai ana gobe wasan malamin nasa ya zauna rubutawa.

Bawul ya bayyana a Jamus, a hannun Heinrich Stölzel wajejen 1814, ya kuma yi rajistarsa tare da Friedrich Blühmel a 1818. Danna yatsa ɗaya yana ƙara tsawon bututu nan take, kowane sauti ya fito a buɗe. Babu mai musun sauƙin da ya kawo. Amma karɓarsa ta ɗauki kusan ƙarni guda. Brahms, wanda mahaifinsa mabushin ƙaho ne, ya nemi tsohon ƙaho a kiɗan mutum uku da ya tsara a 1865, shekarar da mahaifiyarsa ta rasu. Babbar makarantar kiɗa ta Faris kuwa ba ta sallama ba sai a 1903.

Bayan haka sai aka shiga wani abin dariya. Benjamin Britten ya buɗe wani kiɗansa na 1943 da ƙaho shi kaɗai, ya ce kada a taɓa bawul, a bar matakan nan masu karkata yadda suke. Wasu masu sauraro suka ɗauka Dennis Brain, gwanin Ingila na lokacin, kuskure yake yi.

Daga shekarun 1970 tsohon ƙahon ya dawo dandali. Hermann Baumann ya naɗi kiɗan Mozart da shi tare da ƙungiyar Nikolaus Harnoncourt, wasu irin su Anthony Halstead da Lowell Greer suka biyo baya, György Ligeti kuma ya sa irinsa huɗu a wani kiɗa da ya tsara a ƙarshen shekarun 1990, musamman don wannan karkatar. A 2020 hukumar UNESCO ta shigar da busar ƙahon farauta ta Faransa, Beljiyam, Luksambur da Italiya cikin jerin al'adun duniya.

Mabusan yau ba su zama baki ɗaya a kan yadda za a yi da hannun ba. Wasu suna zuzuta bambancin, su sa kowane toshi ya yi ƙara don kowa ya san tsohon kaya ake busawa. Tsofaffin littattafan koyarwa, har da na Louis-François Dauprat na Faris da ya fito a 1824, akasin haka suka nema: a ɗan lulluɓe buɗaɗɗun sautuka, a ciyar da tosassu da iska, har su kusanci juna ba tare da sun zama ɗaya ba. Wannan ya fi wuya nesa ba kusa ba, kuma shi ne ke cin shekarun ɗalibi, domin kowane ƙaho da kowace gaɓar bututu tana neman nata zaman hannu dabam.