Ganga Biyu Don Kwalba Ɗaya: Yayin Gasasshen Itace a Wiskin Kentucky

A jihar Kentucky ta Amurka, inda ake yin kusan kashi 95 cikin ɗari na wiskin da ake kira bourbon, wani yayi ya kama kamfanoni shekara goma da 'yan kai ke nan. Idan giya ta gama shekarunta a ganga, sai a juye ta cikin wata sabuwar gangar da aka gasa cikinta a hankali, ta yi makonni ko 'yan watanni, a ɗura a kwalba, a ƙara mata kuɗi. Masu ɗanɗanawa sai yabo suke yi. Ni dai a ganina aikin maƙerin ganga suke ɗanɗanawa, amma mai dafa giya suke miƙa wa lambar yabo.

Bari in faɗa tun da wuri, ba na shan giya, addinina ya haramta mini. Abin da ya ja hankalina shi ne itace da wuta, da kuma abin da masu ɗanɗanawar ke rubutawa da hannunsu, wanda kowa ke iya karantawa.

Dokar Amurka ta yi wa bourbon iyaka mai tsauri. Dole masara ta kai aƙalla kashi 51 cikin ɗari na hatsin da aka dafa, dole a ajiye ruwan cikin sabuwar gangar itacen oak da aka babbake cikinta, kuma ba a yarda a zuba masa kala ko ƙamshi ba. A 1964 majalisar dokokin ƙasar ta ayyana shi a matsayin kayan Amurka na musamman. Tunda an hana ƙari, duk launin ja-ja da ake gani a kwalba daga itace ya fito, haka ma mafi yawan ɗanɗanon. Wanda ke son sauya ɗanɗano ba tare da ya karya doka ba, ganga zai nufa.

Babbaka da gashi kuwa hanyoyi biyu ne daban. A babbaka, ana sakar wa cikin ganga harshen wuta na daƙiƙa 15 zuwa 55, fuskar itacen ta zama gawayi, gawayin ya riƙa tace ɗaci da wari. A gashi, zafi ne marar harshe ke ratsa itacen na tsawon mintuna. Duk wadda ta taɓa soya gyaɗa cikin yashi ta san bambancin: wuta mai ƙarfi tana ƙona baya ta bar ciki ɗanye, wuta mai sanyi tana fito da zaƙi har tsakiya. Haka zafin ke narka sukarin da ke cikin itace ya zama kamar alewa, ya kuma fito da ƙamshin vanila da na kwakwa.

Kamfanin Woodford Reserve ne ya fito da Double Oaked a 2012, da ganga ta biyu da aka gasa sosai aka ɗan babbake. Michter's ya biyo baya a 2014 da gangar da aka gasa kawai ba babbaka. Elijah Craig ya shigo a 2020, Basil Hayden a 2021, daga nan ƙananan kamfanoni suka yi ca. Masu sayarwa suna son labarin wiskin Old Forester 1910, wanda kamfanin ya ce ya samo asali daga gobarar da ta tsayar da aikin ɗura kwalabe a waccan shekarar har aka mayar da giyar cikin sababbin ganguna. To, wancan larura ce. Na yau talla ne.

Ku karanta sharhin masu ɗanɗanawa kan kwalabe goma na kamfanoni goma. Kalmomin ba sa wuce ƙonannen sukari, vanila, kirfa, cakulan, kwakwa. Kamfanin da ya yi shekara da shekaru yana tattalin yis ɗinsa, da wanda ke zuba alkama a madadin hatsin rai, da wanda ya sayo giyar daga wata masana'anta ya liƙa sunansa, duk sun fito da murya ɗaya. Sabuwar gasasshiyar ganga tana da ƙarfi, tana danne abin da ke ƙarƙashinta. Kuma a nan matsalar alƙalanci take. A gasar giya irin ta San Francisco da aka fara a 2000, alƙalai suna ɗanɗana kofuna barkatai a yini guda ba tare da sanin sunan kamfani ba. Tsari ne mai kyau, sai dai harshen da ya gaji zaƙi yake fara ji. Kofin da ya fi zaƙi da kauri yakan tsaya a rai, mai ɗanɗano a ɓoye kuwa a wuce shi. Kamfanoni ba yara ba ne, sun lura.

Abin da ya fi damuna shi ne shekaru. Giya mai shekara huɗu da ta yi wata biyu a ganga ta biyu takan fito da duhun launi irin na mai shekara goma. Mai saye ya ɗaga kwalba ya ga duhu, ya ɗauka tsufa ne. Kwalabe da yawa ba sa faɗin shekarun giyar, balle kwanakin da ta yi a gangar ƙarshe.

Ba na cewa gashin ganga yaudara ce gaba ɗaya. Masu giyar inabi a Faransa sun daɗe suna amfani da gasassun ganguna, kuma sana'a ce mai wuya. Maƙeri yana haɗa allunan itace wajen talatin ba ƙusa ba gam, sai zoben ƙarfe, ya sami gangar da za ta riƙe lita 200 shekara da shekaru ba yoyo. Michter's ma yana shanya itacen gangarsa ta biyu a iska wata 18 kafin a kai shi wuta. Wannan gwaninta ce, ta cancanci a ambace ta da sunan mai ita. Abin takaici, a 2025 Brown-Forman, mai Woodford Reserve da Old Forester, ya rufe masana'antar gangunansa ta Louisville, ya koma saye daga waje. Ana tallar itace a jikin kwalba, masu sarrafa itacen suna rasa aiki.

Sai kuma daji. Farin oak ne kaɗai ake dogara da shi sosai, domin jijiyoyinsa a toshe suke, ruwa ba ya ratsawa. Bishiyar takan haura shekara 60, sau da yawa ta kai 80 ko 100, kafin ta isa yanka, kuma gindin da ya miƙe ba kulli kawai maƙeri ke so. Masana gandun daji a gabashin Amurka sun daɗe suna kukan cewa manyan bishiyoyi suna nan amma ƙanana ba sa tasowa, wasu itatuwa masu son inuwa sun danne su. Saboda haka aka kafa ƙungiyar White Oak Initiative a 2017, da hannun Jami'ar Kentucky da masu giyar kansu. Gaskiya ne masu kujeru da daɓen katako ma suna cin wannan itace. Amma a da bourbon ganga ɗaya yake ci, yanzu wannan yayi ya sa yana cin biyu, a lokacin da rumbunan Kentucky ke ɗauke da ganguna sama da miliyan 14 a ƙidayar 2024, wato fiye da uku ga kowane mutum a jihar.

Don haka ga abin da nake ganin ya kamata. A tilasta rubuta shekarun giya da kwanakin ganga ta biyu a jikin kwalba, da sunan masana'antar da ta ƙera gangar. Masu shirya gasa kuma su ware wannan nau'i a rukuninsa, kada a jera shi da giyar da ta yi shekara goma a ganga ɗaya. In ba a yi haka ba, lambar zinaren da ke rataye a wuyan kwalbar ta maƙerin ganga ce, a kai masa abinsa.