Ƙayar da ke bayan Karaba: bitar fim ɗin Kiriku da Mayya

Mayyar tatsuniya ba ta wanyewa lafiya. Ko da Hausa aka ba da labarin a wani tsakar gida a Jimeta, ko da Fulatanci a cikin garin Yola, ƙarshenta bai wuce a ƙone ta, ko a jefa ta rijiya, ko ta yanka 'ya'yan cikinta a duhu tana zaton baƙi ne. Na ƙarshen nan shi ya faru a tatsuniyar Ɗan Kucingaya, wadda Baturen nan Tremearne ya buga a 1913: yaron ya musanya tufafin abokan tafiyarsa da na 'ya'yan mayya, ita kuwa ta wasa wuƙa ta bi tufafi. Yara su saurara, a yi ƙurunƙus, kowa ya lallaɓa ya maƙale wa uwarsa. Ba a taɓa jin wanda ya tambayi abin da ya mai da matar mayya ba.

Wannan tambaya ita ce jarin fim ɗin zane na Kiriku da Mayya, wanda Bafaranshe Michel Ocelot ya fitar a 1998, kuma har yau masu tura finafinai a waya ba su rabu da shi ba. Ocelot ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a ƙasar Gini. Ya tsinci tushen labarin ne a cikin tatsuniyoyin Afirka ta Yamma da wani jami'in mulkin mallaka, Équilbecq, ya tattara tun farkon ƙarnin da ya wuce. A can, jaririn da ya yi magana tun yana ciki ya kuma haifi kansa yana da siddabaru daidai da na mayyar, kuma kashe ta ya yi, magana ta ƙare. Ocelot ya ɗauki haihuwar, ya ajiye kisan.

Sassauta tatsuniya domin yara tsohuwar sana'a ce a wajen masu fim. A littafin 'yan'uwan nan biyu Jamusawa, Grimm, muguwar sarauniyar labarin Snow White takalman ƙarfe aka gasa aka sa mata, ta yi ta rawa har ta mutu. A fim ɗin Disney na 1937 faɗowa kawai ta yi daga kan dutse, ba a ma nuna gawa ba. 'Yar ruwan da Andersen ya rubuta a 1837 kumfar teku ta zama, amma a fim ɗin 1989 aure aka ɗaura mata. Irin wannan gyara cire barkono ne daga yaji. Abin da ya sa nake ganin girman aikin Ocelot shi ne shi bai taɓa barkonon ba.

Karaba, mayyar fim ɗin, tana da ban tsoro na gaske. Duk inda ta taka, tsiro ya ƙone. Ana cewa ita ta ƙafar da idon ruwan ƙauye; ta ƙwace zinariyar mata, ta sa gumakanta sun cinna wa ɗakin wadda ta ɓoye nata wuta, mazan gari kuwa duk wanda ya tafi yaƙarta bai dawo ba, har kowa ya yarda cinye su take yi. Muryar da Awa Sène Sarr ta ba ta, wadda aka naɗa a Dakar, ta isa ta sa yaro ya ja baya daga allo. Wurin da ta aiko da kwalekwale mai ado, sannan itaciya mai kyau, don su kwashe yaran ƙauye, duk wanda ya tashi a bakin Binuwai zai ji shi a jikinsa, domin da irin wannan gargaɗi aka hana mu bin abin da ruwa ya kawo. Dabbar da ta toshe idon ruwa tana shanyewa kuwa, 'yar'uwar macijin rijiyar Kusugu ce ta Daura, sai dai wannan Bayajidan, wato jariri Kiriku, bai kai tsawon taɓarya ba.

Kiriku ba shi da laya, ba shi da tsafi. Gudu gare shi, da ƙanƙanta, da naci. Yana damun kowa da tambayar me ya sa Karaba ta zama muguwa, manya suna kora shi. Sai da ya haƙa rami ya bi ta ƙarƙashin ɗakinta, ya sha da ƙyar a hannun bodari da mugun dawa, ya isa wurin kakansa a bayan dutse, sannan ya sami amsa: waɗansu maza ne suka danne ta suka soka mata ƙaya mai dafi a gadon baya, tana cikin azaba dare da rana, kuma ba ta taɓa cin mutum ba. Yaro zai ji ƙaya ya tsaya nan. Babba ya san abin da ake nufi da maza su danne mace. A nan fim ɗin ya fi tatsuniyar da ta haife shi duhu, don ya ɗauke muguntar daga daji ya kawo ta cikin mutane. Kiriku ya yaudare ta ta sunkuya, ya cije ƙayar ya fizge da haƙori, kuma ihun da ta yi a wurin yana cikin abubuwan da ba a mantawa.

Ba ko'ina na gamsu ba. Daga ƙarshe an nuna gumakan nan su ne mazan gari, suka dawo da ransu suna kaɗa ganguna, babu ko ɗaya da ya ɓata. Kakanninmu ba sa yi wa yara wannan alfarma. Wanda dodo ya ci a bakinsu sau da yawa ya tafi kenan, kuma a jihar da ta ga hare-haren da aka kai wa Mubi da Michika da Madagali a 2014, yara sun san ba duk wanda ya fita ke dawowa ba. Sumbar da ta mai da jariri saurayi nan take, har ya kawo Karaba gida a matsayin amarya, ita ma aro ce daga tatsuniyoyin Turai, ɗinkin ya fito fili. Ƙauyen kansa ba na kowa ba ne: ba na Bafulatani ba, ba na Bachama ba, wata Afirka ce da aka harhaɗa, ko da yake zanen tsirrai da launuka da kiɗan Youssou N'Dour suna sa mutum ya yafe. Sai maganar shiga: matan ƙauyen zani kawai suka ɗaura, Kiriku kuwa tsirara yake yawo. Wannan ya jawo wa fim ɗin tsaiko a Amurka da Ingila, kuma a gidajenmu ma akwai iyayen da ba za su so ba. Gara uba ko uwa su fara kallo kafin su miƙa wa yara.

Amma akwai wurin da ya rinjayi duk waɗannan. Bayan an cire ƙayar, tsafi ya karye, mutanen gari ba su yi murna ba. Kan Karaba suka yi za su kashe ta. Ocelot bai rufa wa taron jama'a asiri ba. A ƙasar da har gobe ake nuna tsohuwa da yatsa idan yaro ya yi zazzaɓi, a ce ta kama masa kurwa, a tilasta mata tsallake shi ko a yi mata abin da ya fi haka, wannan ɗan wuri ya fi wa'azi mai tsawo amfani.

Iyayen Yola da Jimeta, ku kalla tare da yaranku, ba ya kai awa ɗaya da rabi. In an gama, a nemi tsohuwar gida ta ba su tatsuniyar Ɗan Kucingaya yadda take, da wuƙarta da jininta, a bar su su yi gardamar wacce ta fi.