Tashi da faɗuwar daular Songai: ta bakin wa muke ji?

Duk ɗalibin tarihi a ƙasar nan ya hardace labarin Songai a matakai uku: Sonni Ali (1464-1492) azzalumi ne da ya kafa daula da takobi, Askiya Muhammadu (1493-1528) adali ne da ya ɗora ta bisa shari'a, sannan bindigogin Maroko suka rushe ta a Tondibi a 1591. Manufar wannan ƴar maƙala ita ce a duba inda wannan tsari ya samo tushe, domin kusan dukkansa daga littattafai biyu ya fito, wato Tarikh al-Sudan da Tarikh al-Fattash, waɗanda fassarar Houdas da Delafosse ta shigar cikin darussanmu.

Abu na farko, littattafan nan muryar malaman Tumbutu ce. Sonni Ali ya ci garin wajen 1468, ya kuma gallaza wa malaman da yake zargi da haɗa kai da Abzinawa. Askiya kuwa ya je hajji, ya girmama su, ya yi musu kyauta. Ba abin mamaki ba ne jikokinsu su zagi wancan su yabi wannan. Amma ba don Sonni Ali ya kama Jenne ya mallaki kogin Kwara da jiragen yaƙinsa ba, da Askiya bai samu abin da zai gyara ba. Haka nan Abdurrahman al-Sa'di ya rubuta Tarikh al-Sudan ne wajen 1655, bayan ya yi wa sarakunan Arma, magadan rundunar Maroko, aikin magatakarda. Da ya danganta faɗuwar daular da lalacewar ɗabi'a, wa'azi yake yi, kuma wa'azin bai ɓata wa masu mulkin zamaninsa rai ba.

Matsalar Tarikh al-Fattash ta fi haka girma. Tun 1971 Levtzion ya nuna cewa an yi wa littafin cushe. A 2020 Mauro Nobili ya kawo hujjar cewa Nuhu ɗan Ɗahiru, malamin fadar Hamdallahi, shi ne ya sake gina wani tarihi na ƙarni na 17, don a tabbatar da cewa Shehu Ahmadu na Masina shi ne halifan da aka yi bushara da zuwansa bayan Askiya. Ke nan wani ɓangare na hasken da muke gani a kan Askiya, siyasar ƙarni na 19 ce ta kunna shi.

In aka kawar da wa'azin, dalilan faɗuwar suna nan a cikin littattafan kansu. Daular ba ta taɓa samun tsayayyar ƙa'idar gadon sarauta ba: Askiya Muhammadu ɗansa Musa ne ya tuɓe shi, kuma tawayen Balama Sadiƙ a 1588 ya raba rundunar biyu, shekara uku kafin Judar Basha ya iso. Ga rikicin gishirin Tagaza da Maroko, wanda ya daɗe yana ci. Iyakar gabas ma ba ta zauna ba, tunda Kanta na Kabi ya ɓalle tun zamanin Askiya na farko, bayan yaƙin Agadas.

Sa'an nan shekarar 1591 kanta ta cancanci tuhuma. Gawo da Tumbutu da Jenne ne suka faɗi. Askiya Nuhu ya ja da baya zuwa Dandi, ya yi shekaru yana hana rundunar Maroko sakat, gidan Askiya kuma ya ci gaba da sarauta a can. Wanda ya rufe littafi a Tondibi ya bi malaman Tumbutu ya juya wa kudu baya, alhali kudun nan wani sashensa yau cikin Nijar yake.

Ba cewa muke a jefar da waɗannan littattafai ba, don ba mu da kamarsu. Shawararmu ita ce duk wanda zai kafa hujja da su a kundinsa ya fara faɗin wanda ya rubuta, da lokacin, da kuma wanda yake yi wa aiki, sannan ya gwada su da abin da masu riƙe da tarihin baka na Dandi da Zarmaganda suke faɗi.