Matan Zango, Masu Riƙon Tukunyar Kakanni

Jinjina ga matan Zango na Kumasi da Nima a ƙasar Gana. Da yawansu jikokin Hausawa ne da fataucin goro ya kai Salaga, yaƙin da aka yi can a 1892 ya watsa su kudu. Tun kafin asalatu suke tashi, su tace gasara, su markaɗa wake, su hura wuta, don koko da ƙosai su riski lebura da ɗan makaranta da zafinsu. Da rana ga tuwo, ga shinkafa da wake. Uwa ke miƙa wa 'yarta muciya, har yau sana'ar ba ta yanke ba. Mu mazauna Madalla, garin baƙi, mun san daɗin abincin gida a nesa. Ba domin matan nan ba, da 'ya'yan Zango sun tashi ba su san shi ba. Allah ya saka musu da alheri.