Gajerun Labaran Bin Diddigi: Daɗinsu da Iyakarsu

Daga cikin nau'o'in ƙagaggun labarai waɗanda Turawa suka shahara da su tun tsakiyar ƙarni na goma sha tara, da wuya a sami wanda ya yaɗu cikin harsuna, ya kuma daɗe a hannun masu karatu, kamar gajeren labarin nan na bin diddigin laifi, inda ake zuwa wa wani mutum mai kaifin basira da al'amarin da ya gagari hukuma, shi kuwa ya dubi sawu da toka da bakin hannun riga, ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ambaci sunan mai laifi. Irin waɗannan labarai akan tara su goma sha biyu ko fiye a littafi guda, kuma ra'ayina a kansu shi ne cewa abubuwa biyu da suka sa su daɗi, wato gajarta da tabbacin bayyanar gaskiya, su ne kuma suka yanke musu iyakar da ba su iya ƙetarewa.

Galibin masana sun yi ittifaƙi cewa wanda ya kafa harsashin wannan fanni shi ne Edgar Allan Poe, mutumin Amurka, wanda a shekarar 1841 ya buga labarin wani kisa da aka yi a ɗaki kulle a birnin Faris, ya kuma ƙago wani mutum mai suna Dupin ya warware shi. Labarai uku kaɗai ya rubuta a kan Dupin, amma a cikinsu ya ajiye rukunan da duk waɗanda suka biyo baya suka yi gini a kai: mai bincike wanda ba ma'aikacin hukuma ba, da aboki mai matsakaicin fahimta wanda shi ke ba da labari, da 'yan sanda masu ƙwazo waɗanda ƙwazon nasu bai kai su ko'ina ba. A labarinsa na uku, na 1844, 'yan sanda sun binciki gidan wani minista lungu-lungu suna neman wata wasiƙa da ya sace, alhali kuwa tana nan a sarari cikin ma'ajin takardu, inda ba wanda ya ga dalilin dubawa.

Wanda ya kai fannin ga kammala shi ne Arthur Conan Doyle, likita haifaffen Edinbura a 1859, wanda ya yi karatu a hannun wani malamin tiyata mai suna Joseph Bell, mutumin da yakan dubi majiyyaci ya faɗi sana'arsa da inda ya fito tun bai buɗe baki ba. Daga wannan malami ya ciro ɗabi'ar Sherlock Holmes. Ya fara fito da shi a dogon labari a 1887, ya ƙara wani a 1890, amma sunansa bai game duniya ba sai da mujallar Strand ta Landan ta fara buga gajerun labaransa a watan Yuli na 1891. Hikimar da Doyle ya yi ita ce, ya lura cewa dogon labarin da ake gutsurawa wata-wata yakan rasa duk wanda fitowa ɗaya ta kuɓuce masa, don haka sai ya riƙe mutum guda a matsayin gwarzo, kowane labari kuma ya cika a fitowarsa, ta yadda matafiyi a jirgin ƙasa zai fara shi a wannan tasha ya ƙare kafin ya sauka. Goma sha biyun farko aka tara su littafi a 1892, aka ci gaba har suka kai 56 a littattafai biyar, na ƙarshe a 1927.

Daɗi na farko da mai karatu ke samu shi ne ganin hankali yana aikinsa, kuma wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi cikin karatun Musulunci, domin malamanmu sun daɗe suna magana a kan firasa da ƙiyafa, wato gane ɓoyayye ta hanyar bayyananne. Marubutan tarihin Larabawa sun ruwaito ƙissar 'ya'yan Nizaru huɗu, waɗanda suka siffanta raƙumin da ba su taɓa gani ba: suka ce mai ido ɗaya ne domin gefe guda kawai ya yi kiwo, suka ce gundulen wutsiya ne domin kashinsa a tare yake bai warwatsu ba, har mai raƙumin ya tuhume su da sata. A Suratu Yusufa kuma, rigar da aka yage ta baya ita ce ta wanke Annabi Yusufa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, daga ƙazafin da aka yi masa. Makiyayi da maharbi a ƙasarmu ma suna karanta sawu kamar haka, Bahaushe kuwa ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Abin da Doyle ya yi shi ne ya ɗauke wannan tsohuwar baiwa daga jeji ya kai ta titunan Landan, inda laka a takalmi da tabon tawada a yatsa suka maye gurbin sawun raƙumi.

A dubi labarin ƙungiyar masu jan gashi, wanda yake cikin littafin farko. Wani mai karɓar jingina, Jabez Wilson, ya zo yana kukan cewa wata ƙungiya ta ɗauke shi aiki saboda jan gashinsa kawai, tana biyansa fam huɗu a mako domin ya zauna a wani ofis daga ƙarfe goma zuwa biyu yana kwafar babban kundin ilmi, bayan mako takwas kuma ya tarar da ƙofa a rufe. Ba a kashe kowa ba, ba a kuma saci kome ba, al'amarin ma abin dariya ne a zahiri. Holmes ya tafi ƙofar shagon, ya bubbuga daɓen titi da sandarsa, ya ƙwanƙwasa ƙofa, yaron shagon ya fito, shi kuwa bai damu da fuskarsa ba, gwiwoyin wandonsa ya duba, ya ga sun goge sun yi ƙasa. Sa'an nan ya zaga bayan layin ya ga banki. Yaron da ya yarda ya yi aiki a rabin albashi rami yake haƙawa daga ƙarƙashin shago zuwa taskar banki, ƙungiyar kuwa dabara ce ta fitar da maigida daga gida sa'o'i huɗu kullum. An nuna wa mai karatu sanda da gwiwa da banki, bai haɗa su ba, kuma lokacin da aka haɗa masa yakan ji kunya da murna a lokaci guda, wanda shi ne ainihin ladan da yake nema a irin wannan karatu.

Daɗi na biyu shi ne natsuwa. Kusan kowane labarin Holmes yakan fara a ɗaki guda a titin Baker, ga murhu, ga abokinsa Likita Watson da jaridarsa, sai a ji takun baƙo a matakala. Kuma kome munin abin da baƙon ya zo da shi, mai karatu ya san kafin shafi ashirin gaskiya za ta fito. Tarin labarai kuma yana ba marubuci damar jarraba hanyoyi dabam-dabam. G. K. Chesterton, a littafinsa na 1911, ya kawo wani ɗan ƙaramin limamin Katolika, Fada Brown, wanda ya san laifi ta hanyar sauraron masu tuba, har ya gane cewa mutumin da shaidu huɗu suka rantse ba su ga shigarsa ba, mai raba wasiƙu ne, domin mutane ba sa lissafa irinsa cikin waɗanda suka wuce. Agatha Christie kuma, a tarin labarai goma sha uku na 1932, ta zaunar da mutane ana hira, kowa ya kawo matsala, wata tsohuwa 'yar ƙauye mai suna Marple tana saƙa tana warwarewa ta hanyar kwatanta masu laifi da maƙwabtanta.

Amma fa a nan ne iyaka ta farko take, domin marubucin da ya shuka alamu shi ne kuma yake yanke hukuncin ma'anarsu, kamar wanda ya ɓoye kwabo ƙarƙashin tabarma da hannunsa sa'an nan ya tara yara su ga yadda zai gano shi. A labarin dutse mai daraja da aka samu a cikin dinya, Holmes ya ɗauki wata tsohuwar hula ya ce mai ita mutum ne mai ilmi domin kansa babba ne, kuma matarsa ta daina sonsa domin an yi makonni ba a kakkaɓe hular ba. Ko ɗalibin da ya fara mandiƙi jiya ya san girman kai ba ya lazimta ilmi, kuma ƙura a hula tana da dalilai goma. Amma da mai hular ya bayyana sai al'amarinsa ya zo daidai da zancen Holmes, domin alƙalamin da ya rubuta zaton shi ne ya rubuta mutumin. Fuƙaha'u sun fi haka tsantseni. Ibn Farhun, malamin Malikiyya, ya yi bayani mai tsawo a kan aiki da ƙarina a littafinsa na alƙalai, duk da haka malamai da yawa sun hana alƙali ya gina hukunci a kan firasa tsagwaronta, saboda sun san tazarar da ke tsakanin zato mai rinjaye da yaƙini.

Iyaka ta biyu daga gajarta ta taso. Labarin da zai gabatar da matsala, ya jera alamu, ya ɓatar da mai karatu, ya kuma warware cikin shafi ashirin, ba shi da wurin makoki. Mamaci yakan zama abin lissafi kawai, maraya da gwauruwa kuwa a ambace su a wuce. Wannan ne ya sa Raymond Chandler, a maƙalarsa ta 1944, ya soki salon Ingila da cewa kisan da ke cikinsa na ƙawa ne, ya fifita Dashiell Hammett, wanda ya taɓa aikin bincike a kamfanin Pinkerton, ya kuma san masu kisa da dalilansu. Bayan haka, labaran da aka rubuta domin a karanta ɗaya a wata, idan aka haɗa su aka shanye a dare biyu, sai ɗinkin ya fito fili: dabarar nan ta yaudarar mutum ya bar gidansa ta sake dawowa a labarin Garrideb uku, sai sunaye da suka sauya. Doyle da kansa ya koka cewa kowane gajeren labari yana cin dabarar da za ta ishi littafi sukutum, kuma gajiya da wannan, tare da son komawa ga labaran tarihi waɗanda ya fi ɗauka da daraja, ita ta sa ya jefa Holmes a magangarar ruwa ta Reichenbach a ƙasar Suwizalan a 1893, bai dawo da shi da rai ba sai 1903.

Iyaka ta uku ita ce ta zamani da wuri. An rubuta waɗannan labarai a tsakiyar mulkin mallaka, kuma sau da yawa sharrin da ke shiga gidajen Ingila daga Indiya ko wata ƙasa mai nisa ake jawo shi. A wani shahararren labarin Holmes, likitan da ya zauna a Kalkata ya kashe 'yar matarsa da macijin Indiya wanda yake kira da fito, yake kuma ba shi madara, alhali irin macijin da aka ambata babu shi a duniya, kuma maciji ba shi da kunnen waje balle a hore shi da fito. Marubucin ya dogara ne ga cewa masu karatunsa za su gaskata kowane abin al'ajabi muddin an ce daga Gabas ya zo. Abin ya yi yawa a fannin har Ronald Knox, cikin ƙa'idoji goma da ya tsara a 1929, ya hana sa mutumin Sin a labari, domin marubuta sun mai da shi hanyar arha ta tsorata mutane. Mu da aka mallaki ƙasashenmu a wancan zamani ya wajaba mu karanta irin waɗannan wurare da ido buɗe.

Babu hujjar da ta fi rayuwar Doyle kansa nuna inda labari ya tsaya. George Edalji lauya ne, ɗan wani limamin coci wanda asalinsa Indiya, aka ɗaure shi a 1903 bisa zargin yana fita da dare yana yanka dabbobin mutane. Bayan an sake shi, Doyle ya je ganinsa a wani otal, ya hango shi yana karanta jarida ya kai ta dab da idonsa, nan take ya gane cewa mai irin wannan raunin gani ba zai iya ratsa gonaki cikin duhu ba. Firasa ce irin ta Holmes, kuma ta dace. Amma sai da aka yi ta rubuce-rubuce a jaridu aka kafa kwamiti kafin a yafe wa Edalji a 1907, ba a kuma biya shi diyya ba. Oscar Slater kuwa, wanda aka yanke wa hukunci a 1909 bisa kisan wata tsohuwa a Gilasgo, Doyle ya bayyana raunin shaidun tun 1912, amma bai fita kurkuku ba sai 1927. Gane gaskiya ya ɗauki Doyle ɗan lokaci, sa hukuma ta karɓe ta ya ci shekara goma sha biyar, kuma wannan rabin aikin, wanda shi ne mafi wuya, gajeren labari ba ya ɗaukarsa, domin yakan rufe ne da zarar an ambaci suna.

Saboda haka shawarata ga ɗalibi ita ce ya nemi waɗannan littattafai ya karanta, domin suna koya lura da ƙananan abubuwa, suna koya girmama hujja, kuma suna nuna yadda ake gina labari ba tare da kalma ta tafi a banza ba, wanda darasi ne babba ga duk mai niyyar rubuta irinsu da Hausa. Sai dai ya karanta su ɗaya-ɗaya da tazara, kamar yadda aka fara fitar da su, ya tsaya kafin warwara ya gwada nasa hankalin, bayan warwara kuma ya tambayi kansa ko alamun da aka kawo suna iya ɗaukar wata fassara. Idan ya rufe littafi ya koma cikin mutane, ya tuna cewa maƙwabcinsa ba marubuci ne ya tsara shi ba, kuma tabon da ya gani a rigarsa ba ya halatta masa tuhuma, domin zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.