Toshe sabis a Jibiya: me ya sa aka kashe fitila maimakon a haska?

A watan Satumba na 2021 gwamnatin Katsina, lokacin mulkin Aminu Bello Masari, ta sa aka toshe layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Jibiya, kwanaki kaɗan bayan hukumar NCC ta ba da irin wannan umarni a Zamfara. Manufar ita ce a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. A namu ganin, wannan magani ne da ya yi watsi da makami mafi kaifi da ke hannun hukuma, wato bayanan da turakun sadarwa ke tarawa.

Ka sani, duk sanda ka buga waya, kamfani na rubuta lambar da ta kira, wadda aka kira, lokaci, tsawon kiran da turken da ya ɗauke shi. MTN na da nasa rumbun, Airtel na da nasa, haka Glo ma. Haƙar bayanai a warwatse ita ce dabarar nazarin waɗannan rumbuna ba tare da an kwaso su wuri guda ba. Kowane kamfani zai yi lissafi a gidansa, sannan ya turo sakamako kawai: wane turke ne ya cika maƙil, wanne ya mutu, a ina kira ya ƙaru ba zato tsakar dare. Kamar dillalai ne a kasuwa, kowa na riƙe da littafinsa, jimla kaɗai yake faɗa wa sarkin kasuwa.

Da ka kashe turke, ka kashe wannan ido. Ƙauyen da aka far wa ba shi da hanyar neman agaji, mai POS ya rufe, hukuma kuma ta rasa sawun da za ta bi.

To amma kada kowa ya sayar maka da wannan fasaha a matsayin sha-yanzu-magani-yanzu. A Kusa da sauran garuruwan bakin iyaka akwai matsala biyu. Ta farko, igiyar rediyo ba ta san shingen kwastan ba. Wanda ke bakin iyaka kan iya kama sabis na Nijar, irin su Airtel Niger, Moov ko Zamani. Idan lissafin ya tsaya ga kamfanonin Najeriya, rabin hoton kawai ake gani, kuma haɗa hannu da hukumar ARCEP ta Nijar ya ƙara wuya tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023.

Ta biyu, kwamfuta tsari take ganowa, ba laifi ba. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi, da layi biyu ko uku, yana kira da asuba, zai iya kama da wanda ake nema. Ga kuma gidan da mutum biyar ke amfani da waya ɗaya. Haɗa layi da NIN, da aka soma a Disamba 2020, bai warware wannan ba.

Saboda haka abin da ya dace ka tambaya shi ne: wa ke duba sakamakon, kuma wa ke sa masa ido? Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba ka damar yin wannan tambaya. A bar turaku a kunne, a yi lissafi a kan yanki maimakon kan mutum, bin sawun wani layi kuma sai da izinin kotu.